Bukukuwan Bazara a Bahuli: Ina Ɗaliban Hausa Suke?

Nan da 'yan makwanni hunturu zai naɗe tabarmarsa, bazara ta shimfiɗa tata. Ga mazaunin birni wannan ba wani labari ba ne face na zafi da ƙarancin ruwa da ɗauke wuta. Amma a ƙauyukan da ke gindin duwatsun Mandara, irin su Bahuli da Vimtim da Muchalla da Bagira, wannan ɗan tsakanin, wato daga kammala sussuka zuwa faɗuwar ruwan farko, shi ne lokacin da dandali ke da rai. A cikinsa ake jera bukukuwan aure, samari su shirya gasar ƙwallo tsakanin unguwanni, majami'u su yi ta bitar waƙoƙi da wasan kwaikwayon Ista, makarantun boko da na Islamiyya su yi taron ƙarshen zango da walimar sauka, ƙungiyoyin ci gaban gari kuma su kira 'ya'yansu da ke Yola da Abuja da Legas su dawo gida ranar al'ada. Ba za ka ga takardar sanarwa manne a jikin allon sashenmu ba, kuma ba za ka ji a rediyon Kaduna ba, amma duk za a yi su, da mu ko ba mu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, domin a ganina bai kamata a yi ba mu ba, kuma ina da ƙorafi a kan yadda ake yin wasunsu da kuma yadda mu ɗaliban Hausa muka kau da kai.

Bari in fara gabatar da garin, saboda 'yan'uwana na Kano da Sakkwato da Katsina waɗanda iyakar saninsu da Adamawa ita ce Yola. Bahuli mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, ba nisa da iyakar Kamaru. Mutanenta Fali ne, kuma karin harshensu shi ne masana ke kira Huli, ɗan'uwan Vin na Vimtim da Madzarin na Muchalla da Bween na Bagira. Kada mai karatu ya haɗa su da Falin da ke arewacin Garwa a Kamaru, suna ne kawai ya zo ɗaya, harshen ya sha bamban. Abin da ya kamata ya ja hankalin ɗalibin harshe shi ne, Falin Mubi harshe ne na iyalin Cadi, wato dangin Hausa ne. A rabon da Paul Newman ya yi a 1977, Hausa tana reshen yamma, Fali kuma tana reshen Biu-Mandara tare da Gude da Nzanyi da Bata. Ke nan idan muka je Bahuli ba gidan bare muka je ba, gidan 'yan'uwa ne da aka daɗe ba a yi zumunci ba. Yankin kansa ma bai daɗe da zama Nijeriya ba. Jamusawa ne suka fara riƙe shi a cikin Kamaru, Ingilishi suka karɓa bayan yaƙin duniya na farko, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 ya shigo Nijeriya, aka kira shi Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwata.

Me ya sa sai bazara? Amsar tana rumbu. Manomi ya kai dawa da masara gida, ya sayar da gyaɗa da wake, aljihu ya ɗan yi nauyi, gona kuma ba ta kiransa sai ɗan sharar da ba ta hana zama. Zafi ya hana kwanan ɗaki da wuri, farin wata ya fito, hanya ta bushe, rafi ya ƙafe, baƙo daga wani tsauni zai iya zuwa ya koma. Da zarar hadari ya haɗo a watan Mayu, magana ta ƙare, kowa ya ɗauki fartanya. Wannan lissafi na rana ne, ba ya motsi. Amma akwai wani lissafin da ke tafiya da wata, wanda kuma yake ja baya da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara. An yi ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu a 2023, aka yi ta 10 ga Afrilu a 2024, sannan 30 ga Maris a 2025. Ma'ana, tashe da hawan ƙaramar Sallah da suka shafe shekaru suna faɗowa cikin bazara, har suna gogar kafaɗa da Ista, suna kan hanyar komawa cikin hunturu, babbar Sallah ce za ta gaje gurbinsu. Duk mai son nazarin yadda bukukuwan addinai biyu da na noma ke cakuɗuwa a dandali ɗaya, to wannan haɗuwa ba kullum ake samunta ba, sai an zagayo shekara talatin da 'yan kai.

Amma ba wannan ne babban abin da ke hana ni sukuni ba. Mubi ta ga abin da Kano da Zariya ba su gani ba. Ranar 1 ga Yunin 2014 bom ya tashi a filin ƙwallo na Kabang, ya halaka mutane da dama waɗanda laifinsu kawai sun taru kallo. Ranar 29 ga Oktoba na wannan shekara 'yan Boko Haram suka kama garin Mubi, suka sauya masa suna, suka mamaye ƙauyukan kewaye har da Vimtim, garin Alex Badeh wanda a lokacin shi ne babban hafsan tsaron ƙasa, suka kuma shiga hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi. Jama'a suka watse, wasu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, wasu suka gangara Yola da ƙafa. Sojoji da mafarauta da 'yan sa-kai sun ƙwato garin cikin watan Nuwamba, amma tsoron taro bai fita tare da maharan ba, musamman da aka sake kai hari masallaci a Nuwamban 2017 da kuma ranar 1 ga Mayun 2018. Shekaru aka yi uwa ba ta barin ɗanta ya je inda ake kiɗa. Wasan dare ya koma na la'asar, na la'asar ya koma na cikin gida.

To, a nan ne asarar take, kuma ba irin wadda ake ƙirgawa a rahoton agaji ba ce. Waƙar baka ba ta da ɗakin ajiya sai bakin mai yi da kunnen mai ji. Yarinya tana koyon amshi ne a bayan yayarta, yaro yana koyon kiɗa ne da ɗaukar wa makaɗi ganga. Idan aka yi bazara biyar ko shida ba a fita dandali ba, to an sami ajin yara guda da bai shiga wannan makaranta ba, kuma tsofaffin da ke koyarwa ba jira suke ba. Yaran da aka goya a baya aka gudu da su a 2014 yanzu sun haura shekara goma, da yawansu sun buɗi baki ne a Yola ko a wani wurin da ba a jin Fali, da Hausa suka fara kiran uwa. Saboda haka kowace bazara da aka sake fita dandali a Bahuli ba nishaɗi kawai ba ce, ƙoƙarin ɗaure igiya ce da ta tsinke.

Yanzu ga maganar da na san ba za ta yi wa wasu abokan karatuna daɗi ba. Mu a wannan sashe muna alfahari da yaɗuwar Hausa, kuma muna da hujja. Muna lissafa gidajen rediyon Ingila da Jamus da Faransa da ke magana da ita, muna murna idan aka ce ta zama harshen kasuwa daga Agadas zuwa Kumasi. Amma ba mu cika tambayar wa ya matsa ta zauna ba. Je ka bikin aure a ƙauyukan Mubi ka kasa kunne. Mai gabatarwa da Hausa yake magana. Mai sa kiɗa ya jingina manyan lasifikoki a gindin bishiya, waƙoƙin Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker ke tashi, makaɗin gari kuwa, in ma an gayyace shi, yana gefe yana jiran a kashe janareta. A majami'a, zumuntar mata da Hausa suke rera yawancin waƙoƙinsu, abin da ya samo asali tun da aka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta zama harshen wa'azi a arewa. A masallaci ma Hausa ce ko Fulatanci. Wato abin da muke kuka Ingilishi yana yi wa Hausa a gidajen 'yan boko, shi Hausa ke yi wa Fali a Bahuli, sai dai mu ba mu jin zafinsa domin ba ƙafarmu aka taka ba.

Na san abin da za a ce, wai ai ba wanda ya tilasta wa kowa, harshe kamar ruwa ne, gangare yake bi. Gaskiya ne, kuma ni ba ina cewa a daina Hausa a Mubi ba. Garin da Gude da Fali da Fulani da Kamwe da Margi da Kilba ke cin kasuwa ɗaya dole ya sami harshen ciniki, kuma Hausa ta yi wannan aiki, ta ma taimaka wurin zaman lafiya. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya ci moriyar ganga bai kamata ya yada kwaurenta ba. Mu aka koya wa yadda ake naɗar waƙa, a rubuta ta, a rarrabe ɗiyanta, a fitar da turkenta da salonta. Wannan sana'a ba ta Hausa kaɗai ba ce. Hanyar da Ɗandatti Abdulƙadir ya bi ya yi nazarin Mamman Shata, da matakan da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, za su yi aiki a kan waƙar niƙa ta wata tsohuwa a Bahuli, in dai an sami mai jin harshen ya zauna kusa da mai nazarin. Amma kullum sai mu koma kan makaɗan da aka riga aka yi kundi ashirin a kansu, muna sake tatsar saniyar da ta ƙafe.

Ƙorafina na biyu a kan masu shirya taron ne, kuma da girmamawa nake yinsa domin iyayena ne. Wannan abin da ake kira ranar al'ada ya fara zama ranar jawabi. Na taɓa halartar wata a yankinmu, ba sai na ambaci garin ba. An ce ƙarfe goma na safe, ba a fara ba sai bayan azahar saboda ana jiran babban baƙo. Da ya iso aka yi jawabin maraba, aka yi na shugaban taro, aka yi na uban taro da na uwar taro, aka karanta sunayen masu ba da gudummawa ɗaya bayan ɗaya ana tafi. Duk wannan lokaci 'yan rawa suna tsaye cikin rana da akayau a ƙafa, tsofaffin mata sun yi kwalliya tun asuba. Da aka zo kansu sai mai gabatarwa ya ce kowace ƙungiya minti biyar, domin baƙo zai kama hanya kafin duhu. Rawar da a da ake kwana ana yi, wadda waƙarta ke ɗauke da sunayen kakanni da labarin yadda aka sauko daga dutse, aka yanke ta kamar tallar sabulu. In kuwa shekarar zaɓe ta ƙarato, abin ya fi haka muni, hular jam'iyya ta fi ta gargajiya yawa a rumfa. A ƙarshen 2024 gwamnatin Adamawa ta ƙirƙiro sababbin masarautu bakwai, ciki har da Michika da Madagali da Maiha, kuma kowace sabuwar fada za ta so nuna al'adunta. Abu ne mai kyau, in dai ba wannan salon na rumfa da jawabi za a kwafa ba.

Wasu na ganin mafita ita ce a nemi gwamnati ta ɗauki nauyi, a kira 'yan yawon buɗe ido, a nemi shiga kundin UNESCO. Ni ina da shakka. Sukur, nan kusa da mu a Madagali, ita ce wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya, tun 1999, amma wannan bai hana a kai mata hari a 2014 ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya shiga kundin a 2016 alhali a lokacin ma ba a yinsa, an dakatar da shi tun bayan na 2009, sai a Maris na 2020 aka dawo. Hawan Sallar Kano ya shiga a Disamban 2024, shekarar da rikicin sarauta ya sa 'yan sanda suka hana hawan, suka sake hanawa a 2025. Bikin da ya rataya a wuyan hukuma, ranar da hukuma ta yi atishawa sai ya kwanta. Wanda ya rataya a kan rumbun manomi da farin wata ya fi shi tsawon rai.

Misalin da nake ganin ya fi dacewa da mu na Zariya ne. A 1977 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, a zamanin Michael Etherton, sun ɗauki wasa suka kai wa manoman Soba, abin da aka sani da Wasan Manoma, daga baya aka yi na Maska da na Bomo. Darasin da suka fito da shi ya fi wasannin kansu amfani. Sun gane cewa idan ɗalibi ya shirya wasa a makaranta ya kai ƙauye, to wa'azi ya kai, jama'a za su yi dariya su watse. Sai da suka koma zama da mutanen gari, su ji damuwarsu, su bar su su ƙirƙiri labarin su kuma fito a ciki, sannan abin ya kama ƙasa. Wannan za mu iya. Ba ya bukatar zaure ko fitilu, inuwar tsamiya ta isa. Kuma Bahuli ba ta rasa abin yin wasa a kai ba: tsadar taki, rigimar gona da makiyayi, saurayin da ya tafi acaba birni ya bar tsoho da fartanya, da wanda ya dawo daga gudun hijira ya tarar wani ya nome masa gona.

A wane harshe za a yi? Ni dai ra'ayina, kowa ya yi magana da bakin da yake magana da shi a gida. Tsohuwa ta yi Fali, jikanta ya amsa da Hausa, domin haka abin yake a zahiri, kuma wannan kansa wasa ne mai ciwo. Hausar ma a bar ta yadda Mubi ke yinta. Mun saba a finafinan Kano duk wanda ya ce "mace ya zo" to shi ne abin dariya, ɗan aike ko maigadi. Amma mutane masu ɗimbin yawa daga Bauci ta kudu zuwa Adamawa da Taraba da wannan Hausar suke ciniki, da ita suke neman aure, da ita suke makoki. Tun daga Wasan Marafa na Abubakar Tunau zuwa Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma ta Mohammed Sada, rubutaccen wasan Hausa bai cika fita daga tsakiyar ƙasar Hausa ba. Ɗalibin da ya rubuta wasa mai nauyi da Hausar Mubi, ba don a yi wa masu ita dariya ba, ya buɗe ƙofar da ba a buɗe ba.

Akwai masu ƙyamar abin ta fuskar addini, daga ɓangarorin biyu, suna ganin rawar gargajiya komawa ce ga abin da aka baro, ga kuma burkutu da ba a rasa shi a gefen fili. Ba na raina wannan damuwa. Sai dai mu da ke karanta bori da wasan gauta da kalankuwa a aji, muna amsa tambaya a kansu a jarrabawa, ba wanda ya ce mun zama 'yan bori. Rubuta abu daban, bauta masa daban. Kuma yawancin abin da ke bakin tsofaffin nan waƙar reno ce da ta niƙa da ta noma da ta rakiyar amarya. Batun tsaro kuwa, hanyarsa a san da zuwanka. A fara da gaisuwa wurin mai gari, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a yi aiki da rana. Ko a Kano 'yan sanda sun hana tashe a 2025 saboda ɓata-gari, don haka matsalar taro ba ta Mubi kaɗai ba ce.

Abin da nake roƙon ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa bai taka kara ya karya ba. Mubi tana da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan Bahuli da ke jin Fali kamar yadda muke jin Hausa. A rubuta masu wasiƙa. Su suka san ranar da za a yi kaza a unguwa kaza, su za su iya tsara mana jadawalin bazara, wanda rashinsa ne ke sa ko ɗan gari da ke Yola sai bayan an watse yake jin labari. Mu kuma mu zo da abin da muka iya. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta fi rikodar da magabatanmu suka yi aiki da ita kyawun murya. A nemi izinin mai waƙa kafin a naɗa, a rubuta sunansa da unguwarsa da ranar, a rubuta waƙar da Fali a hannun hagu, fassarar Hausa a hannun dama, a kuma bar kwafe a garin, kada a kwashe a tafi kamar masu sayen gyaɗa. Ga malamanmu kuma, Allah ya ƙara maku sani, idan ɗalibi ya kawo batun kwatanta waƙar aure ta Fali da ta Hausa a matsayin kundin kammala digiri, don Allah kada a ce masa wannan ba Hausa ba ce.

Daga Yola zuwa Mubi kimanin kilomita 200 ne, ta Girei da Song da Gombi da Hong, daga tashar Mubi kuma abin hawa zuwa Bahuli ba ya wuya. Mutum biyar sun isa tafiyar farko, biyu su riƙe naɗa, biyu su riƙe rubutu, ɗaya ya riƙe gaisuwa. Sai dai a tsayar da rana tun cikin Maris, domin in aka bari Mayu ya tsaya, tsohuwar da muke nema tana gona da ƙwaryar iri a hannu, ba ta da lokacin kowa sai kaka.